Lambar gini a perf da 'yan'uwansa: tambayoyin da ake yawan yi mana a Kaduna

Tambayoyin nan sun taru ne daga zaman da muke yi da masu rubuta manhaja da masu kula da sabobi a nan Kaduna, wasu ma'aikata ne daga wajen Barnawa da Unguwan Rimi, wasu kuma ɗaliban Kadpoly da KASU ne masu aikin kammala karatu. Kusan duk wanda ya fara taɓa `perf` da ƙorafi ɗaya yake dawowa: rahoto ya fito, amma maimakon sunayen ayyuka sai lambobi birjik. Abin da kayan aikin ke rubutawa `build-id` shi muke kira lambar gini a wannan shafi.

Me `perf` yake yi ne, har maganar tantance fayil ta shigo?

`perf` ma'aunin aiki ne da ke zaune cikin tushen kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ya shigo a siga ta 2.6.31 cikin 2009. Aikinsa leƙe. Idan ka ba da umarnin `perf record`, sai ya riƙa katse furosesa sau 4000 a daƙiƙa, in ba ka canza da `-F` ba, kowane karo ya rubuta adireshin umarnin da ake kan aiwatarwa. Kamar mai gareji ne da ke zagayowa bini-bini ya ga wace mota yara suke kai. Zuwa la'asar ya san wadda ta cinye yinin.

Sai dai abin da yake rubutawa adireshi ne tsurarsa. Fayil ɗin `perf.data` yana kuma ɗauke da bayanin cewa an shimfiɗa fayil kaza a memori daga nan zuwa nan. Sai an zo `perf report` ake buɗe wancan fayil, a duba teburin sunayensa, a ce wannan adireshi na cikin aiki kaza. Tsakanin ɗauka da karantawa ana iya yin minti ɗaya, ana iya yin wata guda, ana iya ma canza kwamfuta. In fayil ɗin da aka buɗe ba shi ne wanda ya gudana ba, sunan da zai fito ƙarya ne.

Mece ce lambar gini?

Lamba ce da linka, wato manhajar da ke harhaɗa gutsattsarin kod su zama fayil ɗaya mai gudana, take sakawa cikin fayil a ƙarshen gini. A fayilolin ELF na Linux tana zaune a wani ɗan sashe mai suna `.note.gnu.build-id`. Linkar GNU tana lissafa ta da SHA-1, wani lissafin hash mai matse bayanai su zama gajeriyar lamba, daga abin da ke cikin fayil ɗin, ta fito bayit 20, wato harufa 40 idan an rubuta ta da lissafin goma sha shida. Akwai wasu salo: `md5` mai bayit 16, `uuid` wadda ake zaɓa kara-zube, da kuma wadda mutum zai rubuta da hannunsa. Roland McGrath ne ya kawo tsarin, ya fara aiki gadan-gadan a Fedora 8 cikin 2007.

Ga yadda nake kwatanta wa yara. Sunan fayil kamar lambar mota ce, ana iya kwance ta a ɗaura wa wata motar. Lambar gini kuwa wajen lissafi ta yi kama da zanen yatsa, domin daga jikin abin aka fitar da ita, amma wajen ajiya ta yi kama da lambar da ake bugawa a jikin inji: sau ɗaya ake buga ta, kuma ko an kai motar Panteka an sauya mata fasali, lambar tana nan. Riƙe wannan kashi na biyu, za mu sake buƙatarsa a tambayar `strip` da ta tsaro.

Malam, sunan fayil da lambar siga ba su isa ba? Ai na san siga ta nawa na ɗora.

Kama da wane ba ta wane. Fayil mai suna `libc.so.6` yana kan kusan kowace kwamfutar Linux, da wannan sunan dai, alhali na Ubuntu daban, na Debian daban, na Ubuntun jiya da na yau bayan gyaran tsaro ma daban. Manhajarka ma haka. Ka gina siga ta 1.4 da safe, ka gyara layi ɗaya da rana ka sake ginawa ba ka ɗaga lamba ba, sunan bai motsa ba amma adireshin duk aikin da ke bayan wannan layi zai iya gusawa. Canza kwamfaila ko komawa daga `-O2` zuwa `-O3` ma yana yin haka ko da ba ka taɓa kod ba.

Ranar da aka taɓa fayil ba abin dogaro ba ce, kwafa kawai tana canza ta. Hash na dukan fayil, irin na `sha256sum`, yana da nasa aibin a nan: da zarar an cire bayanan bin diddigi, wato masu danganta adireshi da sunaye da layukan kod, sai ya canza, don haka ba zai iya haɗa fayil ɗin da ke kan saba da ɗan'uwansa mai ɗauke da sunaye ba.

Yaya zan ga lambar ginin wani fayil?

`readelf -n sunan_fayil` zai nuna ta a layin `Build ID`. Umarnin `file` ma yana fito da ita tare da gaya maka ko an tsige fayil ɗin, wato an cire masa sunaye da `strip`. Don ganin lambobin da awonka ya rubuta kuwa, `perf buildid-list -i perf.data`, kowane layi lamba ce da hanyar fayil ɗinta. Kwatanta biyun da ido kafin ka fara zargin komai.

Na duba, manhajata ba ta da lambar ko kaɗan. Me ya jawo?

Ba a umarci linka ta saka ba. GCC ɗin da Debian da Ubuntu da Fedora suke rabawa an gina shi ne da umarnin ya riƙa neman lambar da kansa, shi ya sa mutane da yawa ba su taɓa sanin zaɓi ba ne. Wanda ya gina kwamfailarsa da kansa, ko yake amfani da wadda ta zo da wani ƙaramin allo na ARM, zai iya tarar da babu. Magani shi ne ƙara `-Wl,--build-id=sha1` a matakin haɗawa.

Harshen Go ya daɗe da tasa lambar daban, wadda `go tool buildid` ke nunawa, kuma `perf` ba ita yake karantawa ba. Daga Go 1.22 aka samu damar cewa `-B gobuildid` don a fitar da ta GNU daga waccan, sannan daga Go 1.24 na Fabrairun 2025 linkarsa ke saka ta ba sai an roƙa ba. Fayil marar lamba dai `perf` zai auna shi, amma da suna kaɗai zai neme shi, duk abin da ya tarar a wannan hanya shi zai karɓa ba tambaya.

Idan na yi `strip` don fayil ya yi sauƙi, lambar za ta tafi?

A'a, kuma dalilin ƙirƙiro ta ke nan. `strip` yana cire teburin sunaye da bayanan bin diddigi na DWARF, amma sashen lambar gini yana cikin abin da ake lodawa a memori, saboda haka ba ya taɓa shi kuma ba ya sake lissafi. Tsarin da ya dace shi ne ka gina sau ɗaya da `-g`, ka fitar da bayanan gefe da `objcopy --only-keep-debug`, sannan ka tsige wanda za ka tura. Fayiloli biyu ke nan masu lamba ɗaya: siriri a kan saba, mai nauyi a ma'ajiyarka.

Haka manyan masu rarraba Linux suke yi. Kunshin `-dbgsym` na Debian da Ubuntu, da `-debuginfo` na Fedora, suna zuba fayilolinsu ƙarƙashin `/usr/lib/debug/.build-id/`. Harufa biyu na farkon lambar su ne sunan folda, sauran 38 ɗin sunan fayil, a ƙara `.debug` a ƙarshe. GDB, manhajar bin diddigin kurakurai, da `perf` duk sun san su leƙa can. Akwai tsohuwar hanya ta `.gnu_debuglink`, wadda ke ajiye sunan fayil da CRC32 ɗinsa, tana aiki har yau, sai dai dole a karanta fayil ɗin gaba ɗaya kafin a tabbatar shi ne.

Wace folda ce `~/.debug`? Ban ƙirƙire ta ba na gan ta.

Rumbun `perf` ne. Da `perf record` ya gama, sai ya bi samfuran da ya tara, ya ware fayilolin da awo ya faɗa cikinsu, ya karanta lambar kowanne ya rubuta a `perf.data`, sannan ya ajiye kwafinsu a `~/.debug` bisa lambarsu. Shi ya sa za ka iya sabunta manhaja gobe, ka buɗe awon jiya, sunaye su fito daidai: tsohon fayil ɗin yana rumbu. Wannan aikin ne kuma ke sa ka ga `perf record` ya yi jim bayan ka danna Ctrl-C.

Wani tarko da ke kama sababbi: in ka auna a matsayin `root`, rumbun yana gidan `root`, ka dawo ka karanta da asusunka sai a tarar rumbunka wayam. Ana iya tsayar da wuri ɗaya ta hanyar `buildid.dir` a cikin `~/.perfconfig`. Maganar cikar faifai kuma tana tambaya ta ƙarshe.

Ya rubuto min `with build id ... not found, continuing without symbols`. Ina zan fara?

Kada ka ji haushinsa, gaskiya ya gaya maka. Ya san lambar fayil ɗin da ya gudana, ya duba rumbu da faifai bai sami mai wannan lamba ba, sai ya zaɓi ya ba ka lambobi a maimakon sunan da bai tabbatar ba. Kwafe lambar daga saƙon. In fayil ɗin naku ne, nemi ginin da ke da ita a ma'ajiyarku, ka shigar da shi da `perf buildid-cache --add`. In na tsarin kwamfutar ne, girka kunshin bayanansa na daidai wannan sigar, ko ka bi ta debuginfod da ke ƙasa.

Ka bambanta wannan da wani ciwon mai kama da shi. Wani lokaci lamba ta dace, amma fayil ɗin tsigagge ne, babu sunayen da za a karanto. A nan abin da ka rasa shi ne ɗan'uwansa mai `.debug`. Wani lokaci kuma sunaye suna fitowa amma jerin wa ya kira wa a kakkarye yake. Wannan ba ruwan lambar gini, maganar `-fno-omit-frame-pointer` ce ko `--call-graph dwarf`.

Ban ajiye komai ba. Na sake gina kod ɗin da `-g`, ya ƙi karɓa. Ba zan iya tilasta shi ba?

Ya ƙi ne domin linka tana lissafa lambar kafin a tsige komai, har da bayanan bin diddigin a cikin lissafin. Gini marar `-g` da mai `-g` lambobinsu ba za su zo ɗaya ba ko da umarnin injin da ke ciki iri ɗaya ne. Tilastawa kam tana yiwuwa: `--build-id=0x` sai ka biyo da tsohuwar lambar, `perf` zai karɓa hannu bibbiyu. Amma a lokacin kai ne ka yi rantsuwa a madadin linka.

Na taɓa yi, shi ya sa nake hanawa. Wani ƙaramin kamfani da nake taimaka wa a nan gari, sabarsu ta riƙa nauyi duk ranar da ake biyan albashi. Mun ɗauki awo ran Juma'a, ran Litinin na sake gini a kwamfutata na liƙa masa tsohuwar lamba. Rahoto ya fito tsaf, ya nuna wani aiki mai tsara kwanan wata shi ke cin lokaci. Kwana biyu muka yi muna goge wannan aiki, nauyi bai ragu ba. Ashe kwamfailata ta ɗara ta sabar da siga ɗaya, ta jera ayyukan daban, sai adireshin mai laifin ya faɗa kan maƙwabcinsa. Da lambobi tsurarsu na gani da na san ban sani ba.

In dole ta kama, kwatanta sashen `.text` na fayilolin biyu bayit da bayit tukuna. In sun bambanta ko da kaɗan, bar shi. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka yi sabon gini yadda aka bayyana a tambayar `strip`, ka ɗora shi, ka sake awo. Ba a fafe gora ranar tafiya: ranar da ka tura gini, ranar za ka ajiye bayanansa.

Sabar tana can wani gari, ni ina Kawo da kwamfutar cinya. Yaya zan kawo awon in duba a nan?

Kwafo `perf.data` shi kaɗai ba zai yi ba. A kan sabar, bayan awo, ba da umarnin `perf archive`. Zai bi jerin lambobin da ke cikin awon, ya tattaro fayilolinsu daga rumbu, ya ƙulle su a `perf.data.tar.bz2`. Ka kawo biyun, ka kwance ƙunshin cikin `~/.debug` na kwamfutarka da `tar xvf perf.data.tar.bz2 -C ~/.debug`, sai `perf report`. Ba ruwansa da cewa kwamfutarka Fedora ce sabar kuma Debian, tunda da lamba yake nema.

Idan kana da kwafin dukan faifan sabar a wata folda, `--symfs` zai sa ya ɗauki foldar a matsayin tushe. Masu aikin ƙananan na'urori sun fi amfani da wannan. Ka kuma tuna ƙunshin yana ɗauke da ainihin manhajar kamfani, ba abin jefawa a zauren WhatsApp ba ne.

Mene ne debuginfod, kuma ba zai cinye min data ba?

Saba ce da kake miƙa wa lambar gini ta ba ka fayil. Ta fito a elfutils 0.178 a ƙarshen 2019, aikin Frank Ch. Eigler da Aaron Merey na Red Hat. Tsarinta ba wuya: adireshin intanet mai ɗauke da `/buildid/`, sai lambar, sai `debuginfo` ko `executable` ko `source`. Fedora da Debian da Ubuntu da Arch duk suna da nasu na jama'a. Kana saka adireshin a `DEBUGINFOD_URLS`, GDB da `perf` da Valgrind su riƙa jawo abin da suka rasa. Don gwaji da hannu akwai `debuginfod-find debuginfo` a biyo da lambar.

Zai ci data, ƙwarai ma. Bayanan kanel kaɗai ɗaruruwan megabayit ne, na manyan manhajoji irin burauza ma haka. Wanda ke kan datar waya ya saka `DEBUGINFOD_MAXSIZE` don a tsallake duk fayil da ya wuce girman da ya yarda. Abin da aka sauke yana zama a `~/.cache/debuginfod_client`, ba a sake sauke shi sai an share.

Ga ofishi ko ɗakin gwaji na makaranta, shawarata ita ce a ware tsohuwar kwamfuta ɗaya a kunna `debuginfod -F` a kan foldar da ake zuba gine-gine. Tana sauraro a ƙofa ta 8002. A nuna mata sabar jama'a a matsayin ta sama da ita, sai kowa a ofis ya riƙa tambayarta. Mutum ɗaya ya biya kuɗin saukewa, sauran su ci arziki. Abu ɗaya da za a sani: duk lambar da ka tambayi sabar waje, ka gaya mata wace siga kake gudanarwa.

An sabunta manhaja ana tsakiyar awo, ko an ɗauke wuta. Awon ya lalace ke nan?

Matsala biyu ce mai tushe ɗaya. Kamar yadda aka faɗa a tambayar `~/.debug`, tsohuwar hanyar `perf` ita ce karanta lambobi a ƙarshe, daga faifai. In an maye gurbin fayil kafin lokacin, tsohon yana nan yana gudana a memori, za ka ga kalmar `deleted` a gabansa cikin `/proc/PID/maps`, amma abin da ke zaune a hanyar sabo ne. Sai a rubuta lambar sabo a kan samfuran tsoho. Daga Linux 5.12, aikin Jiri Olsa ya ba da `perf record --buildid-mmap`: kanel da kansa ke karanta lambar a daidai lokacin da ake shimfiɗa fayil a memori, ya saka ta cikin bayanin. Ga awo mai tsawo, ko na saba da ake yawan ɗora wa sabon gini, wannan nake zaɓa.

Ɗauke wuta kuwa, ko kashe shi da `kill -9`, yana hana shi rufe fayil ɗin. Za ka ga gargaɗin cewa girman bayanai sifiri ne, yana tambaya ko an tsayar da `perf record` yadda ya kamata. Kullum tsayar da shi da Ctrl-C ko `kill -INT`. A inda wuta ba ta da tabbas kuma batirin inbata ya tsufa, gara awo goma na daƙiƙa 30 da guda ɗaya na minti biyar, ko ka yi amfani da `--switch-output` ya riƙa rufe fayil yana buɗe sabo.

Shi ma kanel yana da lamba?

Yana da ita. Ta wanda ke gudana tana cikin `/sys/kernel/notes`, kuma `perf buildid-list -k` zai buga maka ita. Kowane modul yana da tasa a ƙarƙashin `/sys/module/`, cikin foldar `notes`. `perf` yana ajiye kwafin `/proc/kallsyms` a rumbu bisa lambar kanel, don haka awon da ka ɗauka kafin sabunta kanel ba ya mutuwa. In sunayen kanel sun ƙi fitowa ga wanda ba `root` ba, duba `kptr_restrict` da `perf_event_paranoid` ƙarƙashin `/proc/sys/kernel/` kafin ka zargi lamba, domin su ke ɓoye adireshi.

Manhajarmu a kwantena take. Wata kuma Python ce da Node. Yaya lamarin yake?

A kwantena hanyar fayil ta fi ko'ina yaudara, domin `/usr/bin/app` na ciki da na waje ba abu ɗaya ba ne. `perf` ya iya leƙawa cikin kwantena ya karanto fayil, amma sai tana raye. In ta mutu kafin ya gama, ta tafi da kayanta. Haɗa `--buildid-mmap` da ajiyar gine-gine bisa lamba shi ke warware wannan: awo ya riƙe lamba, ma'ajiya ta ba da fayil.

Kod ɗin da ake ƙerawa ana cikin gudu, kamar na Node da Java, ba shi da fayil balle lamba. A nan manhajar ce ke rubuta taswira a `/tmp/perf-PID.map`. Node na yin haka da `--perf-basic-prof`, Python kuma daga siga ta 3.12 da `-X perf`. Taswirar ta wannan gudun ce kaɗai, kwafe ta tare da `perf.data` nan take. Akwai kuma hanyar `perf inject --jit`, wadda ke mayar da kod ɗin ƙananan fayilolin ELF, kowanne da lambarsa. Tana buƙatar a ɗauki awon da `-k mono`.

Ni da abokiyar aikina mun gina kod ɗaya, lambobinmu sun bambanta. Wa ya yi kuskure?

Wataƙila babu. Hanyar foldar da aka yi gini tana shiga cikin bayanan DWARF, saboda haka sunan asusunka da nata kaɗai ya isa ya raba lambar. `__DATE__` da `__TIME__` a cikin kod suna canza ta kowane gini. Sigar kwamfaila, sigar laburaren da aka haɗa, har jerin yadda aka miƙa fayiloli ga linka, duk suna ciki. Masu son gini mai maimaituwa suna amfani da `-ffile-prefix-map`, wanda ya zo a GCC 8, da `SOURCE_DATE_EPOCH` don tsayar da agogo. In kuma salon `uuid` aka zaɓa, ko me kuka yi ba za su taɓa zuwa ɗaya ba.

Ni dai ban ga dalilin ƙaramar tawaga ta wahalar da kanta a kan wannan ba. Ku yarda cewa wuri ɗaya ne ke fitar da ginin da za a tura, ya ajiye fayil da `.debug` ɗinsa, ya rubuta lambar gini kusa da lambar da Git ya ba wannan gyara. Layi ɗaya a rajista, amma shi zai gaya muku wane kod ne ya haifi wane fayil bayan wata shida.

Tunda SHA-1 ce, zan iya dogara da ita in tabbatar ba a yi wa fayil kutse ba?

Kul. Babu wanda ke sake lissafa ta bayan gini, kanel ma karantawa kawai yake yi. Duk mai iya rubutu a fayil zai iya canza kod ya bar lambar, kamar yadda ake sauya kayan cikin inji lambar jikinsa na nan. Ko kayan aiki na halal irin `patchelf` suna gyara fayil ba su taɓa ta ba. Ga kuma SHA-1 ɗin kanta: tun 2017 masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka nuna fayiloli biyu daban masu hash ɗaya. Don tsaro nemi sa hannun dijital, ko `rpm -V` da `debsums` masu kwatanta abin da ke faifai da abin da kunshi ya zo da shi.

Ni a Windows da Mac nake aiki, wani lokaci Android. Akwai irin wannan?

Kowane gida da nasa. A macOS da iOS fayilolin Mach-O suna ɗauke da `LC_UUID` mai bayit 16. `dwarfdump --uuid` zai nuna ta, kuma da ita Instruments, ma'aunin aiki na Apple, ke haɗa manhaja da dSYM, kunshin bayanan bin diddiginta. A Windows fayil mai gudana yana riƙe da GUID da wata lamba da ake kira Age na fayil ɗin PDB, mai ɗauke da sunaye, da aka haifa tare da shi. Windows Performance Analyzer da WinDbg da su suke tambayar sabar sunaye ta Microsoft, wadda ake nuna musu ta `_NT_SYMBOL_PATH`. Shi fayil mai gudana kuwa ana nemo shi da hatimin lokaci da girmansa a memori.

Android kuwa Linux ce a ƙasa, laburarenta ELF ne, lambar GNU ɗin nan ce dai. Simpleperf da ke cikin NDK yana duba ta kafin ya karɓi laburare marar tsiga daga kwamfutarka.

Ban da `perf`, wa ke amfani da lambar a Linux?

Juji na memori da ake samu idan manhaja ta faɗi. Linka tana ajiye lambar kusa da farkon fayil da gangan, kanel kuma yana iya saka shafin farko na kowane fayil ɗin ELF a cikin jujin, sai `eu-unstrip -n --core=` ya jero maka lambar kowane laburare da ke lode a lokacin faɗuwar. Masu auna aiki da BPF, hanyar gudanar da ƙananan manhajoji cikin kanel, su ma, tun Linux 4.17, suna iya cewa kanel ya ba su lambar gini da tazara daga farkon fayil a maimakon adireshi. Da wannan ma'aunan da ke gudana dare da rana a kan sabobi da yawa suke tura 'yan lambobi kaɗan zuwa cibiya, a can a fassara su zuwa sunaye.

`~/.debug` ta cika min faifai. In goge?

`perf` ba ya share rumbun da kansa, kullum ƙaruwa yake. Goge shi ba ya lalata komai a kwamfutar, illa tsofaffin awon da fayilolinsu suka riga suka canza za su koma lambobi. Saboda haka kafin gogewa, yi `perf archive` ga duk awon da kake son sake buɗewa, kamar yadda aka bayyana a tambayar kawo awo daga saba. `perf buildid-cache --list` zai nuna abin da ke ciki, `--purge` kuma ya cire duk sigogin fayil ɗaya. A saba mai ƙaramin faifai, ɗauki awo da `-N`: zai rubuta lambobin a `perf.data` amma ba zai kwafi komai zuwa rumbu ba. Kada ka rikita shi da `-B`, wanda ke hana rubuta lambobin gaba ɗaya.